BAKAN DUTSE DA BAKAN GIZO: YADDA RUMAWA DA HAUSAWA SUKA TANƘWARA GINI

Gabatarwa

Ɗalibin harshe yakan ci karo da kalma ɗaya mai ɗauke da kaya biyu ko uku, kuma sau da yawa idan ya bi sawun kayan nan sai ya tarar da wani ilimi wanda ba a ajin nahawu ake koyar da shi ba. Kalmar "baka" tana cikin irin waɗannan kalmomi. Baka dai shi ne abin da maharbi ke ɗana kibiya a kai. Bakan gizo kuwa shi ne wanda ke fitowa a sararin sama da damina, wanda akan ce ya shanye ruwa. Amma a bakin magina, bakan gizo wani abu ne dabam, wato ginin nan mai lanƙwasa wanda ke tashi daga bango guda, ya hau sama, ya sauka a ɗaya bangon, yana ɗauke da rufin soro.

Ba Hausa kaɗai ce ta yi wannan haɗi ba. A harshen Latin na Rumawan dā, kalmar "arcus" ita ce bakan harbi, ita ce bakan gizon sama, ita ce kuma baka na gini. Larabci ma da kalma ɗaya, "ƙaus", yake kiran bakan harbi da na gini, sannan ya kira na sama "ƙausu ƙuzah". Ba wai wani ya ara daga wani ba ne dole. Ido ne ya ga siffa ɗaya, baki ya ba ta suna ɗaya.

Ni mutumin ƙasar Kontagora ne, kuma Hausa ba ita na fara ji a gida ba, a kasuwa da makarantar firamare na tsince ta. Watakila shi ya sa kalmar da ɗan asalin harshe zai wuce ta bai waiwaya ba, ni sai ta tsayar da ni. Wannan maƙala za ta duba yadda Rumawa suka gina bakunan nasararsu na dutse, sannan ta kwatanta da yadda maginan Hausa suke ɗaura nasu bakan da ƙasa da azara. Siffar ɗaya ce, sunan ma ya zo ɗaya, amma dabarar ta sha bamban ƙwarai. Barume yakan kafa itace ya yi gini a kansa, in ya gama ya zare itacen. Bahaushe kuwa binne itacen yake yi a cikin ginin, ya bar shi can har abada.

Ƙofa marar ƙyaure

A birnin Rum, idan sarkin yaƙi ya ciwo babbar nasara, majalisar dattawa takan ba shi izinin shiga gari da gagarumin biki. Yakan hau keken doki mai dawaki huɗu, ga ganima da bayin yaƙi a gaba, ga dakarunsa a baya suna waƙe-waƙe, a ratsa gari har zuwa ɗakin bautarsu da ke kan dutsen Kafitol. Mai karatu zai iya kwatanta abin da hawan salla, in ban da cewa wannan ba shekara-shekara ake yinsa ba, sai an ci yaƙi. To amma biki na yini guda ne, gobe an manta. Don kada a manta ɗin ne suka shiga gina baka a kan hanya, a rubuta sunan mai nasarar a samansa. Tarihinsu ya ambaci wani Istatiniyus wanda ya gina irin waɗannan tun a shekarar 196 kafin Miladiyya.

Uku daga cikin waɗannan bakuna suna nan tsaye a tsakiyar birnin Rum. Akwai na Taitus, wanda ƙanensa Domishiyan ya gina wajen shekarar 81 Miladiyya don tunawa da cin birnin Ƙudus a shekarar 70. Ƙofa ɗaya gare shi, tsayinsa ya ɗan haura mita 15. Akwai na Saftimiyus Safirus na shekarar 203, mai ƙofa uku. Sai na Kwanstantin na shekarar 315, wanda ya fi su girma, tsayinsa mita 21, faɗinsa kusan mita 26. Da yawa daga cikin sassaƙe-sassaƙen da ke jikin wannan na ƙarshe, ciro su aka yi daga gine-ginen sarakunan da suka gabace shi, aka sake sassaƙa fuskokin don su yi kama da tasa. Ashe cin gumin na baya ba yau aka fara ba.

Kada kuma a ɗauka abin na Turai ne kawai. Shi Safirus ɗin nan haifaffen Afirka ne, ɗan garin Laftis Magna a Libiya ta yau, kuma can ma an gina masa baka mai fuska huɗu. Akwai wani a Timgad ta Aljeriya, da wani a Walili ta Maroko. A cikin tsohon birnin Tarabulus akwai bakan Markus Oriliyus na wajen shekarar 165, na marmara zalla. Tarabulus ɗin nan ita ce bakin hanyar ayarin da ke ɗauko kayan Kano ya ratsa hamada a ƙarni na 19, don haka tsakanin fataken ƙasar Hausa da bakan Rumawa babu nisan da muke zato.

Abin lura a nan shi ne, bakan nasara ba ya tsare kowa. Ba shi da ƙyaure, ba a haɗe yake da ganuwa ba, mutum na iya kewaye shi ya wuce abinsa. Aikinsa kawai ya yi magana.

Yadda suka ɗora dutsen

Kafin a fahimci dabarar, sai an san halin dutse. Dutse yana da juriyar danniya, ko me aka aza masa zai ɗauka. Abin da ba ya jurewa shi ne ja. Idan aka shimfiɗa dogon dutse a kan ginshiƙai biyu, aka ɗora masa nauyi, tsakiyarsa za ta so ta lotsa, cikinsa na ƙasa ya miƙe, daga nan sai tsagewa. Wannan ne ya sa duk ƙofar da aka rufe da miƙaƙƙen dutse ba ta iya faɗi sosai. Baka shi ne maganin wannan matsala, domin yana mayar da nauyin duka ya zama danniya: kowane dutse yana danne maƙwabcinsa, maƙwabcin ya danne na gaba, har nauyin ya gangara ƙasa ta gefe biyu. Ba Rumawa ne suka ƙago shi ba, an yi shi da tubalin ƙasa a Masar da Iraƙi tun kafin su. Su dai sun ƙware a kansa ne, suka baza shi ko'ina, a gadoji da magudanan ruwa da ƙofofi.

Aikin yakan fara da tushe. Sukan haƙa rami mai zurfi su cika shi da irin nasu kankaren, wanda suke haɗawa da ƙonanniyar farar ƙasa da tsakuwa da tokar dutse mai aman wuta, wadda aka fi sani da ta yankin Fozzoli kusa da Nafoli. Babu rodi a cikinsa ko ɗaya. A kan tushen sai a tayar da ginshiƙai biyu masu kauri da manyan duwatsu sassaƙaƙƙu. Akwai wani farin dutse da suke fasowa daga Tiboli, ba nisa da Rum, akwai kuma marmara daga arewacin Italiya da ƙasar Girka. Duwatsun nan ba laka ce ke riƙe su ba. Ana goge fuskokinsu ne har su zauna daram a kan juna, sannan a sassaƙa 'yan ramuka a haɗa dutse da dutse da ƙarfe, a narka dalma a zuba a kai don kada ƙarfen ya yi tsatsa ya fasa dutsen. Ramukan da ake gani a jikin tsofaffin gine-ginen Rum, da yawansu aikin mutanen baya ne da suka riƙa ƙwaƙulo ƙarfen da dalmar.

Ɗaga dutsen kuwa da na'urar katako ake yi. Akwai wata babbar ƙafa kamar ta keken shanu, amma mai girman da mutane za su shiga cikinta su yi ta takawa, tana juyawa tana naɗe igiya, igiyar tana jan dutsen sama. An sassaƙa hoton irin wannan na'ura a kabarin wasu magina na Rum, shi ya sa aka san kamanninta.

Idan ginshiƙan suka kai inda baka zai fara, sai birkila ya ja gefe, kafinta ya shigo. Shi ne zai haɗa ƙwarangwal na katako mai siffar rabin da'ira, ya kafa shi tsakanin ginshiƙan biyu. A kan wannan ƙwarangwal ake jera duwatsun baka, waɗanda aka sassaƙa kowanne da faɗi a sama, tsukakke a ƙasa, kamar yankan kankana. Ana jerawa ne daga dama da hagu a lokaci guda, don kada gefe ɗaya ya rinjayi katakon. Duk tsawon wannan lokaci bakan ba ya iya tsayuwa da kansa, katako ne ke goye da shi. Sai an zura dutsen ƙarshe a ƙololuwa, wanda za mu iya kira makulli, sannan da'irar ta cika. Daga nan a sassauta katakon sannu a hankali, duwatsun su ɗan zauna su ciji juna, a zare ƙwarangwal a kai shi wani aikin.

Saura matsala ɗaya. Mai karatu ya sami ɗanyar tsumagiya ya tanƙwara ta, ya kafa bakinta biyu a kan tebur, ya danna tsakiyarta. Zai ga ƙafafun suna neman baje wa waje. Haka bakan dutse yake tura ginshiƙansa. Shi ya sa ginshiƙan bakan nasara suke da kauri fiye da kima, shi ya sa kuma ake ɗora wani ƙaton gini mai kusurwa huɗu a bisa bakan. Nauyinsa yana danne ginshiƙan su kasa motsi, faffaɗar fuskarsa kuma ta zama allo. A nan ake rubuta sunan sarki da laƙabobinsa, sau da yawa da haruffan tagulla, a can bisa kuma a kafa gunkinsa a kan keken doki. Gumakan da haruffan duk an narke su tuntuni. A wasu wuraren, da ramukan ƙusoshin da suka riƙe haruffan ne masana suka gano abin da aka fara rubutawa.

Ganuwa, ƙofa da kirari

To, mu dawo gida. Shin akwai irin wannan a wajenmu? Idan ana nufin ƙofar da aka gina a fili don tunawa da cin yaƙi kawai, gaskiya al'adar ƙasar Hausa ba ta tafi ta nan ba. Ɗauki Kontagora, garin da yaƙi ne ya haife shi. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa garin wajen 1864, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ya hau a 1880, yana kai har Turawa suka ci garin a farkon 1901, suka kuma mayar da shi kan gadonsa a 1903. Waɗannan sarakuna sun yi yaƙe-yaƙe ba iyaka, amma abin da aka gina shi ne ganuwa da ƙofofi, kamar yadda yake a Kano da Katsina da Zariya. Ƙofar gari kuwa, irin su Kabuga a Kano ko 'Yanɗaka a Katsina ko Doka a Zariya, asalinta don a rufe aka yi ta. Tana da ƙyaure, tana da sarkin ƙofa, da faɗuwar rana a garƙame. Tsofaffin ƙofofin nan yawanci tsukakku ne, da azara a shimfiɗe aka rufe samansu. Manyan ƙofofin siminti masu lanƙwasa da motoci ke bi ta ƙarƙashinsu aikin baya-bayan nan ne.

Aikin da Barume ya ba dutse, Bahaushe baki ya ba. Kirari da take da tambari da waƙar fada su ne allon da aka rubuta nasara a kai, kuma sun fi dutse tafiya, tun da maroƙi yana da ƙafa. Sai dai abu ɗaya ya haɗa su. A cikin bakan Taitus an sassaƙa sojojin Rum ɗauke da alkukin nan mai rassa bakwai da suka kwaso daga haikalin Ƙudus, kuma Yahudawan birnin Rum sun ɗauki ƙarnoni suna ƙin bi ta ƙarƙashinsa. Mu da kakanninmu suke cikin Kambari da Dukawa da Kamuku da Gwari da sauran mutanen da waɗancan yaƙe-yaƙe suka faɗa wa, mun san cewa kirari ma mai nasara ake yi wa. Labarin ɗaya ɓangaren yana cikin wasu harsuna, kuma kaɗan ne daga cikinsa aka rubuta. Wannan dai zance ne na wata maƙalar.

Bakan Bahaushe yana nan, amma a cikin ɗaki yake. Wanda ke son ganinsa sai ya shiga zauren sarki ko na attajiri ko tsohon masallaci, ya ɗaga kai. Dalilin ɓoye shi a fili yake: ƙasa da ruwan sama ba sa ga maciji. Bakan ƙasa da aka bari a waje ba rufi, damina kaɗan za ta cinye shi. A wajenmu ma, inda ruwa ya fi na Kano da Katsina yawa, ɗakin kago mai jinka shi ne gidan talaka, soro kuwa alamar sarauta ce ko wadata, domin mai shi ya ɗaukar wa kansa hidimar yaɓe duk shekara.

Azara da ƙafa

Maginin Hausa ba shi da marmara, ba shi kuma da katakon da zai yi wa kowane ɗaki ƙwarangwal. Abin da yake da shi ƙasa ce da giginya. Ƙasar akan haƙo ta, a jiƙa, a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Kududdufan da ke cikin tsofaffin birane ramukan wannan ƙasa ne. Azara kuwa daga gangar giginya ake tsaga ta, an kuma fi son ta namijin, domin ta fi tauri. Babbar falalarta ita ce gara ba ta cika cin ta ba.

Ƙasa ma halinta irin na dutse ne, har ta fi shi rauni: tana ɗaukar danniya, ba ta ɗaukar ja. Azara ce ke ɗaukar jan. Amma ita ma tana da iyaka, domin idan aka shimfiɗa ta aka aza mata nauyin rufin ƙasa, abin da za ta iya tsallakewa lafiya bai wuce wajen mita biyu ba. Duk dabarun rufin soro ƙoƙari ne na wuce wannan iyaka. Mafi sauƙi shi ne a gitta azara a kusurwoyin ɗaki don a rage faɗin da ya saura, wato tauyi. Ko kuma a kafa ginshiƙi a tsakiya, wanda ake kira al'amudi, kalmar da aka aro daga Larabci. Amma wanda ke son zaure mai faɗi wanda ba abin da ya tsaya a tsakiyarsa, to sai baka.

Ga yadda ake yi. Kowane rabin baka sunansa ƙafa. Magini yakan fara ta ne daga cikin bango, ya kafa 'yan azaru a tsaye suna ɗan karkata zuwa cikin ɗaki, gindinsu a binne cikin kaurin bangon, ya ɗaure su da igiya, ya lulluɓe su da ƙasa. Sai ya dakata ta bushe. In ta bushe, ya ɗora wani sahun azarar a kan na farko, rabinsa yana kwance a jikin na ƙasa an ɗaure su tam, rabinsa ya zarce gaba, ya kuma fi na farko karkata. Kowane sahu shi ne kafi. Haka zai yi ta yi, kafi bisa kafi, ƙafar tana tsawo tana sunkuyowa, ta ɗaya bangon ma tana tahowa, har su kusanci juna a sama, a shimfiɗa azara a kwance ta haɗa su, a ɗaure, a yaɓe. Idan aka duba da kyau, ashe ƙashin bakan ba lanƙwasasshe ba ne, gajerun miƙaƙƙun itatuwa ne aka jera. Hannun magini ne ke bi da ƙasa ya cike kusurwoyin har layin ya fito sumul kamar an zana.

A nan bambancin yake. Bakan Rumawa ba ya tsayuwa sai ranar da aka sa masa makulli. Ƙafar Bahaushe kuwa tun daga kafin farko take ɗauke da kanta, domin nauyin bango ya danne gindinta, kamar yadda mutum zai miƙa hannu ba tare da an tallafe shi ba. Saboda haka babu buƙatar ƙwarangwal a ƙasa. Magini yakan hau kan abin da ya gina jiya ya zauna, yaransa suna jefo masa curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa. Kuma shi ya sa aikin ba ya son gaggawa, kuma da rani ake yinsa. Wanda ya ɗora kafi a kan ɗanyen kafi, zai kwashe shi a ƙasa.

Idan baka biyu suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda ake gitta ɗauri a bakin gugan rijiya. Irin wannan ɗaki ƙafa huɗu gare shi, kuma da yawan ƙafafu ake auna darajar soro. Tsakanin ƙafafun sai a jera gajerun azaru, sau da yawa cikin tsari mai ban sha'awa, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, rufin ya tashi ya yi tulluwa. Daga nan sai maganin ruwa: makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango, a ja rawani a gefen rufin, a tayar da zankwaye a kusurwoyi.

'Yan'uwana ɗalibai za su lura da inda waɗannan sunaye suka fito. Gini yana da ƙafa, yana da rawani, yana da zanko, ɗan tudun da ke fitowa daga bango ya tallafi azara kuma gemu ne. Wato magini ya ɗauki soro a matsayin mutum, mutumin ma babba, mai gemu da rawani. Sannan ga katsi daga marina, ga gashi daga majema, ga guga daga bakin rijiya. A rufin ɗaki ɗaya sana'o'in gari sun haɗu, kalmominsu ma sun haɗu.

Babban Gwani

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wanda ya gina shi shi ne Babban Gwani, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. Tulluwa shida ce ke rufe da babban ɗakin salla, bakuna suna tashi daga ginshiƙai suna ratsa juna, jikin ginshiƙan kuma an yi masa ado da zane mai zurfi. A daidai wannan zamani ne, a 1836, Faransawa suka kammala ƙaton bakan nasarar da Nafoliyon ya sa aka fara a Faris a 1806, suna kwaikwayon Rumawa. Su suna maimaita abin da aka yi shekara dubu da ɗari bakwai kafin su, shi kuwa yana kai tasa dabarar inda ba ta taɓa kaiwa ba. A ganina wannan ya fi wancan zama abin mamaki.

Labaran baka sun kewaye shi, kamar yadda suke kewaye duk wani gwani. Ana cewa da dare yake gini shi kaɗai. Ana kuma cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa aiki, don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Wannan labari ana ba da irinsa a kan magina a ƙasashe da dama, don haka sai a riƙe shi a matsayin adabi. Abin da yake tabbas shi ne akwai unguwa mai sunansa a Zariya, kuma gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda ake danganta gininsa da shi, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Shi kuwa masallacin, a shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti aka rufe abin da ya saura na tsohon a cikinsa. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, wanda ya auna shi ya zana, ya sa an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Masana sun yi ta muhawara a kan asalin bakan. Labelle Prussin, a littafinta Hatumere na 1986, tana ganin yana da dangantaka da tanƙwararrun itatuwan bukkar makiyaya, waɗanda aka zo aka lulluɓe da ƙasa bayan an zauna a gari. Wasu ba su yarda da ita ba. Ko ma dai yaya ne, dabarar ba ta mutu da Babban Gwani ba. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa bakuna da tulluwa da hasumiyoyi, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Abin da birkila ya gada

Yau idan za a yi ƙofar shiga gari ko ta makaranta, kafinta ne ke fara haɗa akwatin katako mai lanƙwasa, a tanƙwara rodi a zura a ciki, a zuba kankare, bayan kwanaki a ɓalle katakon. Wanda ya karanta abin da ya gabata zai ga abin dariya a nan: katakon da ake cirewa irin na Rumawa ne, rodin da ake binnewa kuma aikin azara yake yi. Birkila ya haɗa dabarun biyu ba tare da ya san sunan ko ɗaya ba. Kalmominsa ma wasu ne: bulo, rodi, decin, linta, fila. Ba laifi ba ne, aro halin kowane harshe ne mai rai, al'amudi ma ai aro ne. Amma kafi da tauyi da laso ba su da wurin zama a ginin bulo da kwano, kuma kalmar da ba a aiki da ita a bakin tsofaffi kawai take saura.

A nan ne aikin ya zama namu. Yawancin abin da aka rubuta a kan ginin Hausa masana gine-gine ne suka rubuta shi da Turanci, kuma da yawansu ba sa sanya ƙugiya a haruffa, balle alamar karin sauti ko tsawon wasali. Mai karatu zai ga an rubuta "kafa", ya rasa ko ƙafa ake nufi, ta tafiya, ko kafa, ta kafa itace a ƙasa, ko kuwa kafa, ta huda a bango, alhali duk ukun suna da wurin zama a bakin magini. Mai auna gini da tef ba zai raba wannan gardama ba, sai mai kunnen harshe. Sannan kusan duk kalmomin da na kawo a sama na Kano da Zariya ne, domin can aka fi yin binciken. Hausar Kontagora kuwa ta fi karkata ga ta Sakkwato, ga kuma harsunan da ke kewaye da ita, kowanne da sunayen da yake ba rumbu da jinka da ƙasar gini. Duk wanda ke neman batun kundin kammala digiri, ya ɗauki rakoda da littafi idan an tafi hutun rani, lokacin da ake yaɓe, ya nemi gidan Sarkin Magina na garinsu, ya roƙi a nuna masa kowane sashe na soro da hannu a faɗi sunansa, ya sa a maimaita masa har sai ya ji inda ƙugiya take.